Tsakanin Hunturu da Damina: Yadda Ake Jinyar Kayan Tarihi a Kano

Akwai wata tasar tagulla a gidanmu na cikin birni, wadda kakarmu ta zo da ita cikin kayan ɗakinta. Mun buɗi ido mun tarar da zane a jikinta tun daga baki har gindi: dagi, da ganye, da ƙananan ɗige-ɗige da maƙeri ya zauna ya buga ɗaya bayan ɗaya. Duk jajiberin sallah sai a sauko da ita daga jere, a kawo toka da lemun tsami da soson ƙarfe, a dirje ta har sai mutum ya ga fuskarsa a ciki. Ranar da na ce a sassauta mata, gwaggona ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, so kake baƙi su shigo su ce mu ƙazamai ne?" Ba ta faɗi ƙarya ba, ƙauna ce da tsafta suka sa take yin haka. Amma yau sai ka karkata tasar wajen hasken taga kafin ka gano inda dagin yake. Abin da shekaru ba su ci ba, soso ya cinye.

Wannan tasa nake tunawa duk lokacin da na shiga Gidan Makama, daura da fadar sarki, na ji wani yana gunaguni wai kayan sun yi duhu, me ya hana a goge su, a shafa musu fenti. A wajenmu gyara yana nufin mayar da abu sabo. Akwai kuwa wani ma'aikaci a gidajen tarihi, wanda takardar aiki ke kira kwanzabeta, ni kuma nake ce masa mai jinyar kaya, da rabin aikinsa shi ne ya hana irin wannan gyara. Ba shi ne mai yi wa 'yan makaranta bayani ba, ba shi ne mai tsara abin da za a baje a wane ɗaki ba. Nasa shi ne jikin kayan: itacen, fatar, ƙarfen, yumɓun, zaren. Me ke cin su, da wane sauri, kuma me za a yi a rage saurin ba tare da an ɓata shaidar da ke jikinsu ba.

Shaida ita ce gaɓar maganar. Baƙin da ke jikin akushi ba dauɗa ba ce. Masassaƙi ne ya ƙona shi da ƙarfe mai zafi, sannan man shanu da hannayen masu ci suka bi ta kansa shekara da shekaru. Gefen da ya side a jikin likkafa yana gaya maka yadda ƙafar mahayi ke zama. Ɗinkin da wata mata ta yi wa tsagaggiyar ƙwarya yana nuna darajar da ƙwarya take da ita kafin zuwan roba. In ka kankare waɗannan, abin da ya saura kowace kasuwa za ta iya ba ka irinsa. A Kurmi ma za ka samu sabo, ya fi shi kyau.

Babban abokin gabar kayan tarihi a Kano ba ɓarawo ba ne. Iska ce, da yadda take juyawa sau biyu a shekara. A tsakiyar hunturu, da rana, danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. A watan Agusta yakan haura kashi 70. Littattafan wannan sana'a, waɗanda akasari a Turai da Amurka aka rubuta su, suna so a riƙe danshin ɗaki tsakanin kashi 40 da 60, kada ya yi ta tsalle. Mu kuwa tsallen shi ne shekararmu. Makaɗa sun riga kowa sanin wannan: da damina fatar ganga takan saki har sai an kanga ta a wuta, da hunturu kuma ta ɗaure tamau, in ba a yi hankali ba ta fashe. Abin da ke samun ganga shi ke samun duk abin da ya taɓa zama mai rai. Itace yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma tsukewarsa ta faɗi ta fi ta tsawo nesa ba kusa ba, shi ya sa turmi da akushi da ƙyaure suke tsagewa a tsaye, suna bin jijiyar itacen. Tsagar da ta buɗe a Janairu takan rufe a Agusta, amma ƙura ta riga ta cika ta, don haka ba ta komawa daidai, baɗi kuma ta ƙara nisa.

Ƙarfe kuma akasin haka yake, nan ne aikin ke rikicewa. Bushewar hunturu rahama ce ga baƙin ƙarfe, domin tsatsa ba ta motsi sai da ruwa. Damina ce lokacin tashinta. Tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Kanajeji, 1390 zuwa 1410, aka fara amfani da lifidi da sulke da kwalkwali. Ɗauki sulke ɗaya ka duba: dubban 'yan zobba ne, kowane yana da lungun da danshi da ƙura za su kwanta. To, ga takobi mai kube na fata, ga sirdi da ya haɗa itace da fata da ƙarfe da ƙyalle a jiki ɗaya. Yanayin da zai yi wa ƙarfen daɗi shi zai busar da fatar ta kakkarye, wanda zai yi wa fatar daɗi shi zai tayar da tsatsa. Babu lamba ɗaya da ta dace da duka. Dole mai jinya ya zaɓi wanda ya fi rauni ya tsaya masa, sauran kuma ya sa musu ido. Wani lokaci maganin shi ne a zare takobin daga kubensa, a ajiye su kusa da juna amma kowa da akwatinsa.

Tagulla tana da nata ciwon daban. Duhun da take yi, ruwan ƙasa-ƙasa ko kore mai santsi da ya manne, kariya ne, ba a taɓa shi. Wanda ake tsoro shi ne wani kore mai haske, mai gari-gari, da ke tsirowa ɗigo-ɗigo kamar ƙuraje. Gishiri ne da ya shiga jikin ƙarfen, daga ƙasa in an tono shi ne, ko daga gumin hannu, yake haɗuwa da danshi yana huda rami. In an share garin kawai zai dawo. Sai an bi kowane ɗigo a ƙarƙashin madubin ƙara girma, da allura ko 'yar wuƙar tiyata, an ƙwaƙule shi, a jiƙa wurin da wani sinadari mai suna benzotirayazol, sannan a ajiye abin a busasshen akwati tare da 'yan ƙwayoyin silika masu zuƙe danshi, irin waɗanda muke gani a ƙaramar jaka cikin kwalin sabon takalmi. Munduwa guda na iya cin mako.

Ku tsaya ku kalli hannun mai wannan aiki in kun samu dama. Yakan naɗa auduga a kan tsinke, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero biyu, ya tsoma a ruwan da aka tace, ko a sifirit, ya matse, sannan ya mirgina ta a wani lungu da ido ba ya kaiwa. Mirginawa, ba guga ba. Sai ya ɗaga audugar ya duba. In ƙura ce ta fito, ya ci gaba. In launin abin ne ya biyo audugar, ko da kaɗan, ya ajiye tsinken ya ɗauki biro. Kafin duk wannan ya riga ya ɗauki hoto ta kowace fuska, ya auna, ya rubuta kowace tsaga da kowane tabo. Wanda bai sani ba zai ce lalaci ne, an wuni ba a gama tafin hannu ɗaya ba. Amma garin gyaran gira ake rasa ido, kuma a wannan sana'a idon ba ya dawowa.

Manyan gidajen tarihi na duniya ma sun sha rasa shi. A 1937 da 1938, a babban gidan tarihin Birtaniya da ke Landan, an sa kayan aiki na jan ƙarfe da dutsen wasa aka kankare sassaƙen marmara na Fatenon, wani tsohon ɗakin bauta na birnin Atens, da aka kwaso daga Girka, don kawai ana so su yi fari. Fatar dutsen da ta tafi ta tafi, har yau Girkawa suna kafa hujja da wannan. A 2014 kuma, a gidan tarihin Alƙahira, gemun fuskar zinariya ta Fir'auna Tutankamun ya cire, aka yi gaggawar manna shi da gam ɗin ifoksi mai ƙarfin tsiya. Sai da ƙwararrun Jamus da na Masar suka shafe makonni suna ɓamɓare gam ɗin a hankali, suka sake manna gemun da kakin zuma, aka mayar da fuskar wurinta a Disambar 2015. A lura da abin da suka zaɓa: kakin zuma, abin da ɗan ɗumi zai narkar. Ƙa'idar ke nan. Duk abin da ka ƙara, ka tabbata na bayanka zai iya cire shi. Shi ya sa in tukunya ta fashe ba a kai mata sufa gulu ko Araldite. Akwai wani gam mai suna Paraloid B-72 da ake narkawa a asiton, wani ruwan sinadari mai narkar da gam; yana riƙewa, ba ya rawaya da sauri, kuma ko bayan shekaru asiton zai sake shi. In an cike gurbin da ya ɓata, ana barinsa yadda wanda ya matso kusa zai gane ciko ne. Yarjejeniyar Benis ta 1964, wadda aka yi kan tsofaffin gine-gine amma tasirinta ya game sana'ar, ta ce gyara ya tsaya a inda zato ya fara.

Tufafi da fata su ne na fi tausayi, domin su ne alfaharin Kano kuma su ne masu saurin tafiya. Sheƙin turkuɗi da ɗan Kura ba daga rini kaɗai yake ba. Garin shuni ne da masu bugu suka daka a jikin ƙyallen a kan itace. Wanki ɗaya ya isa ya tafi da shi. Babbar riga mai aska takwas, in ta saƙi ce, nauyinta kaɗai zai yaga kafaɗarta in aka rataye ta shekaru, don haka kwantar da ita ake yi, a cusa takarda marar asid a duk wurin ninki don kada zaren ya karye. Haske ma ci yake yi, kuma ba ya amai: abin da ya koɗe ya koɗe. Ma'aunin da ake bi wa tufafi shi ne lukus 50, wato haske kaɗan da ya isa ido ya gani bayan ya saba, alhali ranar tsakar gida tana kai dubbai masu yawa. In kun shiga ɗakin da aka baje riguna kun ga duhu-duhu, ba rowar ƙwan fitila ba ce.

Fatar akuyar da majemanmu ke jemewa da bagaruwa ta yi suna har a wajen masu ɗinkin littattafai na Ingila saboda ƙarkonta. Duk da haka gafaka ko tsohon sirdi in ya bushe, abin da zuciya ke raya wa mutum shi ne ya shafa masa mai. Man gyaɗa ko man shanu zai tausasa shi na wata biyu, daga nan ya yi ɗoyi, ya kama ƙura, ya kira ƙwari, da damina kuma fumfuna ta samu abinci. Ƙwarin ma sun isa yaƙi su kaɗai. Gara tana zuwa ta ƙasa, cikin duhu, ta cinye cikin azara ta bar bayanta lafiya lau. Asu yana bin ulu da alharini. Ƙwaron da ke huda ƙwarya da itace ba a ganinsa, sai ɗan tulin gari a ƙarƙashin abin da safe. A da feshin guba ake yi, kuma tsofaffin tarin kaya a ƙasashe da yawa har yanzu suna ɗauke da ragowar DDT da makamantansa, abin da ke cutar da ma'aikata. Yanzu an fi son a naɗe abu a leda, a rufe ruf, a sa shi a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri na mako ɗaya ko biyu. Wannan na bukatar wutar da ba ta ɗaukewa. Amma zafi ma yana kashe su: digiri 55 na 'yan sa'o'i, kuma an gwada yin haka da baƙar leda a rana, ga kayan da za su iya jurewa. Mu da ke da ranar Afrilu, wadda ke wuce digiri 40 a inuwa, ya kamata a ce mun ƙware a wannan fiye da kowa.

A nan nake rabuwa da masu ganin cewa maganin komai shi ne a sayo na'urar sanyaya ɗaki. Na'urar da za ta yi awa huɗu ta mutu, ta dawo da dare, ta sake mutuwa da asuba, tana yi wa itace hunturu da damina sau uku a rana ɗaya. Gara babu ita. Kaurin bangon ƙasa irin na Gidan Makama, wanda aka gina wa Muhammadu Rumfa tun yana Makama kafin ya hau sarauta a 1463, yana rage kaifin zafi da danshi da kansa, ba da sisin kwabo na dizal ba. Akwatin katako mai rufuwa da kyau, da ƙyallen auduga, da kanta mai tazara daga ƙasa da bango, da mai shara da ya san bambancin kashin gara da ƙura, da ma'aunin danshi da ake karantawa kullum a rubuta, waɗannan sun fi injin da babu mai iya ciyar da shi. Manyan ƙungiyoyin sana'ar na duniya ma sun sassauto a 2014, suka yarda cewa a duba yanayin kowace ƙasa da abin da za ta iya ɗorewa a kai.

Sai dai kada a ɗauka "kar a taɓa" ita ce amsa a ko'ina. Gidan da kayan ke ciki shi kansa kayan tarihi ne, kuma ginin ƙasa in ba a taɓa shi ba mutuwa yake yi. Rayuwarsa a hannun magina take: a duba indararo kafin ruwan farko, a toshe tsaga, a sake yaɓe, a bi da makuba ta ɓawon ɗorawa, a yi wa rufi laso na katsi da gashin jima da dafara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. Wanda ya ce zai huta da wannan wahala ya shafe bangon da siminti ya yi masa illa, domin siminti yana kulle danshi a ciki, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, wata rana ɓawon ya faɗo da rabin bango. Duk wanda ya ga yadda ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12 ta narke a wurare da dama ya san abin da rashin hannu ke yi. A Jenne ta ƙasar Mali kuwa gari guda ke fita kowace shekara a yaɓe babban masallaci, kuma ba wanda ya ce ya daina zama na tarihi. Takardar Nara ta 1994, wadda masana adana kayan tarihi na duniya suka fitar a Japan, ta amince da haka, cewa kowace al'umma tana da yadda take gane asalin abu.

To ga wahalar aikin a fili. Tasar kakata tana bukatar a janye hannu, bangon soro yana bukatar a sa hannu duk shekara. Tambari da kakaki da kayan dokin da ake fita da su hawan sallah suna raye, dole a sauya musu fata, a ɗinke, a goge, kuma babu mai hankalin da zai ce a hana. Amma ranar da aka sauke ɗaya daga cikinsu aka kai shi gidan tarihi, hukuncinsa ya canja. Sanin wane ne wane shi ne ilimin, kuma rabinsa ba ya cikin littafi. Yana wajen Sarkin Magina da mutanensa, da dukawa, da maƙera, da marinan Ƙofar Mata. Mai jinyar kaya da bai zauna ya ce "Baba, da me kuka haɗa wannan?" ba, zai yi ta gwaji a kan abin da tsoho zai gaya masa a minti biyar. Shi ma tsohon, in aka bar masa abin shi kaɗai, sabo zai mayar da shi, domin abin da aka koya masa ke nan.

Akwai batun da ba a cika son ɗagawa a Kano ba, na mutum-mutumi. Mu Musulmi ne, kuma ƙyamar gunki tana cikin tarbiyyarmu. Amma ƙasar Arewa cike take da sassaƙen yumɓu na mutanen da suka riga mu da shekaru dubu biyu ko fiye. An fara cin karo da na Nok a 1928 wajen haƙar kuza, daga baya Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, ya bi diddiginsu, aka buɗe gidan tarihin Jos a 1952. An kuma samu irinsu a yankunan Katsina da Sakkwato, akasari ta hannun masu tonon ɓoye, har majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa su a jerin kayan da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Mai jinyar da ke cire gishiri daga jikin irin wannan yumɓu, yana jiƙa shi a tataccen ruwa yana sauyawa yana aunawa, ba bauta yake yi ba. Hujja yake tsarewa, kamar yadda ake tsare burbushin tama da aka tono a gindin Dala, wanda ya nuna ana narka ƙarfe a nan tun wajen ƙarni na 7. In mun kawar da kai, ba ɓacewa za su yi ba. Dillalai za su fitar da su, a manna kan wannan a jikin wancan don ya yi tsada, labarin inda aka same su kuma ya tafi har abada.

Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke riƙe da Gidan Makama, jiha kuma tana da nata tarin a Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer, Baturen da ake yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya zauna. Tun da Jamus ta sa hannu a 2022 kan mayar da mallakar kayan Benin sama da dubu, waɗanda sojojin Ingila suka kwashe a 1897, maganar dawo da kaya ta cika kafafen labarai, kuma daidai ne a dawo da su. Abin da ba na ji ana tambaya shi ne mutum nawa muka horar da za su karɓe su, da waɗanda ba su taɓa barin gida ba. Kuɗin sabon gini da na bikin buɗewa yana da masu nema. Kuɗin auduga, da safar hannu, da asiton, da albashin wanda zai shekara talatin yana duba ƙarƙashin kanta, shi ne ke faɗuwa daga kasafi, domin in ya yi aikinsa da kyau babu abin da za a nuna a hoto.

Mafi yawan kayan tarihin Kano kuma ba sa gidan tarihi. Suna cikin adaka a Yakasai da Gwammaja da Mandawari, suna ƙarƙashin gado, suna saman soro inda rufi ke yoyo. Kwanakin baya na koma gida na tarar gwaggo ta sauko da tasar, sallah ta matso. Na roƙe ta ta bar mini ita. Na share ta da busasshen ƙyalle mai laushi, na naɗe ta a tsohon zanen auduga da aka wanke, na rubuta sunan kakarmu da garin da aka auro ta a 'yar takarda na sa a ciki. Gwaggo ta tsaya tana kallo, can ta ce in ƙara da cewa mahaifin kakar ne ya sayo ta, shekarar da aka yi fara.